Ina Tasha Take?

A Bedford, gida mai lamba tara,
nake jinyar tsohuwa Assunta.
Shekara sittin tana Turanci,
tsufa ya zo ya kwashe shi kaf,
ya bar mata harshen da ta sha a nono.

Na ce zan je ƙasarsu hutun Disamba.
Ta karɓe birona, hannu na rawa,
ta rubuta a bayan takardar magani:
Buongiorno, ina kwana.
Quanto costa, nawa ne.
"In sun faɗa, ki ce troppo caro,
ya yi tsada, ki juya kamar za ki tafi."
Ashe cinikin Kasuwar Kurmi ya haye teku.

Permesso kuwa gafara dai ce a bakin zaure.

Ta ba ni Buon Natale,
na biya ta da barka da Sallah.
Ta juya shi a baki kamar goro a dasashi.
Buon anno, Allah ya maimaita mana.

Daren jiya, ƙarfe uku,
na same ta bakin ƙofa da jaka,
takalmi ɗaya a ƙafa.
"Dov'è la stazione?"
Wannan na san ta, tana takardata:
ina tasha take?
Amsar ce ba ta koya mini ba.

Na riƙe ta muka koma gado.
Na ce domani, gobe.
Ta lumshe ido, "Buon viaggio, Balaraba,"
kamar ni ce mai tafiyar.