Jar Rigar da Na Goge

Na bar Keswick gari bai waye ba,
ƙafafun kyamara a kafaɗa kamar mai zuwa gona da fartanya,
shayi a gora, yatsu sun ƙage cikin safa.
Hanyar Castlerigg hawa ce, ba ruwanta da gwiwar mutum.

Ga su nan.
Sun yi da'ira kamar dattawan da aka kira sulhu
aka manta ba a sallame su ba.
Wani ya rusuna, wani ya juya baya,
wani gajere ya kasa kunne shekaru dubbai
har gansakuka ta tsiro masa a ciki.

Na zauna jiran rana.
A ƙasar nan jiran rana jiran bashi ne:
ko ta zo, ko ta aiko gajimare ya ba da haƙuri.
Can ta leƙo ta kafaɗar tsauni,
minti huɗu ta ba ni, ba gyara.
Na riƙe numfashi, na danna, na danna,
sai ga wata tsohuwa cikin jar rigar ruwa
ta faɗo tsakiyar hoton ba sallama,
tana dafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi.
Na haɗiye tsaki.
Kafin ta fita, rana ta ja mayafinta.

Da dare, a ɗakina na saman gidan burodi,
na kunna kwamfuta na fara wanki.
Na ƙara wa sama duhu, na zuba wa ciyawa kore,
na tsince kashin tumaki ƙwaya-ƙwaya,
na share farin layin da jirgi ya ja,
na tuge shinge, na ɗauke allon sanarwa.
Saura ita.
Na zagaye ta, na danna sau ɗaya,
ciyawa ta rufe inda ta tsaya.
Fes. Kamar ba a taɓa haihuwar kowa ba.

Sai dai hannunta ya ƙi tafiya.
Yatsu huɗu sun maƙale a goshin dutse,
ba hannun riga, ba mai su,
da zobe siriri a na ukun.

A bakin ƙofar shinge ta tsayar da ni ɗazu,
ina naɗe kaya, fuskata a murtuke.
Ta ce sunanta Enid Birkett.
Mijinta talatin da takwas yake samu, ita arba'in,
shekara arba'in da ɗaya suna wannan gardama
har ya tafi bara da lissafinsa.
Yanzu takan zo ta ƙirga, ko za ta dace da nasa.
"Yau ma arba'in," ta ce, ta yi dariya, ta share hanci.

Na daɗe ina kallon yatsun.
To wa ya kawo duwatsun nan, iska?
Wasu ne suka ja, tafinsu ya yi kanta,
suka yi musu kan inda wannan zai tsaya,
wata ta ce a matsa da shi hagu, aka ƙi ji.
Ni kuma na kwana ina korar mutane
daga aikin hannun mutane.

Na koma baya, taki ɗaya, taki ɗaya.
Ja ta dawo ta zauna a tsakiya kamar garwashi.
Shinge ya dawo. Kashin tumaki ma, bismilla.
Duhun sama kaɗai na bari,
wannan ƙaryar na riƙe wa kaina.

Ƙarfe biyu, ƙamshin burodi ya fara hawowa ta bene.
Na sa yatsa a gilashi na ƙirga:
talatin da tara.
Na sake.
Gobe zan wanke hoton, in tambayi mai burodi
ko ya san gidanta.