Abin da Hanci Bai Ji Ba

A Chiavenna, inda gari ya jingina da dutse,
babana Oreste yana da kogo.
Iska na fitowa ta wata tsaga a bango,
sanyinta ɗaya, ko ana zafi ko ƙanƙara na zuba.
Nan yake rataye cinyoyin shanu
bayan sun yi mako uku kwance cikin gishiri
da tafarnuwa da kirfa da kanumfari.

Ina 'yar shekara bakwai ya ɗora ni a wuya,
ya ce, Nives, dubi wannan fari-farin.
Funfuna ce, amma ta gida ce,
riga take ɗinka wa nama kada ya tsage.
Fara, a bar ta.
Koriya, a kore ta.
Baƙa kuwa, ko sallama kada ki amsa mata.
Na haddace kamar karatun yara,
na girma da shi a baki.

Bana ruwa ya ƙi ɗaukewa.
Oktoba ta zo da ɗumi kamar numfashin mai zazzaɓi,
bangon kogo ya yi ta gumi,
iskar tsaga ta yi nauyi.
Ni kuma yanzu farar riga nake sawa a Sondrio,
ina auna abin da mutane za su ci.
Na yanki ɗan ɓawo daga cinya tara,
na sa a leda, na rubuta lamba,
yana kallona kamar mai yi masa sata.

Kwana biyar takarda ta fito.
Okratoksin.
Sunan ma kaɗai ya isa ya maƙale a wuya.

Na ce, Baba, wannan ba ta da wari.
Ba ta da ɗaci, ba ta sa amai da dare.
Ka goge funfunar da buroshi, nama ya yi tas,
dafin ya riga ya sauka ƙasan ɓawo ya zauna.
Wuta ba ta cika cin ta ba.
Ƙoda take nema, a hankali,
yadda gara ke cin ginshiƙi
ɗaki na tsaye, mai ɗaki na barci.
Kuma, Baba,
launi ba shaida ba ne.
Wata farar ma da guba a aljihu take tafe.

Ya ce, shekara arba'in da ɗaya,
wa ya taɓa kwanciya saboda namana?
Na ce, ƙoda ba ta kuka da wuri.

Ya matsa cinya da babban yatsa,
ya kai hanci, ya ja numfashi, ya lumshe ido.
Ƙamshin nan dai na kullum.
Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan:
hancin da ya ciyar da mu
bai ce masa komai ba.

Bai ci abincin dare ba.

Da asuba na ji ƙarar tsani.
Shi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya,
sittin da uku ya sauke,
har da wadda tsohuwa Ildegarda ta biya tun bazara.
Ya ƙirga kuɗinta ya sa a ambulan.
Motar hukuma ta zo ta kwashe,
ƙugiyoyi suka yi ta lilo ba komai a bakinsu.
Mako biyu yana wanke katako da bango,
hannunsa ya yi jawur.

Yanzu a ƙusar da hular kakana ta daɗe
akwai ɗan agogon auna laima,
kuma kowane wata ni ke zuwa da leda.
Ba ya kallona kamar da.
Shi ke miƙo wuƙa.

Jiya na shiga ban yi motsi ba,
na tarar ya ciro agogon daga ƙusa,
ya kai shi hanci,
yana shinshinawa.