Titin da Ke Dawo Mini da Mahaifina

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana jan tasi
a Buenos Aires, baƙar mota mai rawayan rufi.
Gari ne da aka yanka da zare da ma'auni,
gida-gida kamar ramukan dara.
Ka yi taku ɗari da 'yan kai, ga kwana,
ka ƙara ɗari, ga wata.
Yakan ce ko makaho ba ya ɓata a garin nan
muddin ya iya ƙirga.

Unguwa ɗaya ce ya yi wa tsiya.
Fasinja na cewa Parque Chas,
zai taka birki a bakin Triunvirato,
ya kashe mita, ya ce: sauka, ƙarasa da ƙafa.
Wai wanda ya zana wurin
dutse ya jefa a tafki, ya kwafi abin da ruwa ya yi.
Titi ya rabu da kai, ya zagaya, ya tare ka ta gaba
kamar mai bin ka bashi.
Sau ɗaya ya kuskura ya shiga, shekarar da aka haife ni,
ya wuce kare ɗaya har sau huɗu,
kwance a ƙofa ɗaya,
a na huɗun, in ji shi, karen ya ji kunya ya kau da kai.

To, abin da ka ƙi shi ke bin ka.
Nan na sami haya mai sauƙi, a titin Berlin,
wanda ba shi da kai, ba shi da wutsiya,
zobe ne kawai da gidaje suka sa a yatsa.

Yanzu Baba na da tamanin da ɗaya.
Sunaye na kakkaɓewa daga kansa
kamar furen jakaranda a watan Nuwamba.
Yana kirana da sunan ƙanwarsa da ta rasu.
Bara, a tsohon gidansa na Almagro,
ya fita sayen jarida, ya miƙe.
Miƙaƙƙen titi ba ya tambayar kowa ina za shi.
Sai tsakar dare aka tsinto shi, kwana arba'in daga gida,
ƙafa a kumbure,
yana cigiyar motar da ya sayar tun ina budurwa.

Na ɗauko shi da akwati biyu.

Kullum ƙarfe biyar, in ya gama tsotson mate,
sai ya kafa hula, ya ɗau makullan da ba sa buɗe komai,
ya ce zai fita aiki.
Ba na kulle ƙofa.
Kafaɗarsa kawai nake juyawa hagu, in sake shi.
Dakalin titi na lanƙwasa a hankali, yana lallaɓa shi
yadda ake karkata akuya ba tare da igiya ba.
A mahaɗar Ávalos, Herminia mai burodi
tana share ƙofar da ta riga ta share.
A ta Victorica, Zenón mai gyaran keke
ya ɗaga sifana ya ce: miƙe dai, direba, babu cunkoso.
Ba wanda ya roƙe su.

Ni ina tsaye, ina kallon inda bayansa ya ɓace,
sannan in juya, in fuskanci ɗaya ɓangaren.
Wannan juyawar na daɗe ban saba da ita ba:
ka jira mutum ta inda bai bi ba.

Minti goma sha biyar, wani lokaci ashirin
in ya tsaya yi wa bishiya faɗa,
sai ga hula ta ɓullo.
Ya gan ni, ya rage tafiya, ya matso gefe,
ya ce: Hajiyar gari, ina za a kai ki?
A'a, ba haka yake cewa ba. Señora yake cewa,
da ladabin da bai taɓa yi mini ba ina yarinya.
Na ce: nan ma ya yi, direba.
Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya rage murya:
In dai ba Parque Chas ba, ko'ina zan kai ki.
Can ban shiga. Wanda ya shiga ba ya fita.

Na ce: haka na ji ana faɗi.
Na riƙe masa ƙofa,
ya goge ƙafa, ya shiga.