Ido Biyu a Shagon Tashar Illela

Shekara tara tana maƙale a kusurwar rufi,
tsohuwar, mai igiya kamar ta guga,
ta bi bango, ta zaga bayan kanta,
ta shige baƙin akwati ƙarƙashin teburina
inda ɓeraye ke zaman fadanci.

Hotonta fura ce da aka cika wa ruwa.
Mutum ya shigo, ka ga hula, ka ga inuwa,
fuska kuwa sai ka ƙarasa ta da zato.
Ranar da injin ban-ruwa biyu suka yi ƙafa
mun kwana mayar da hoto baya, ni da kofur,
shi ya ce dogo ne,
ni na ce gajere ne ya yi ɗage.
Da damina ɓarawon ya dawo da wayo,
ya kwashi kaya, ya tsinke igiya, ya sungumi akwatin,
sata da shaidar sata a buhu guda.

Sai ga Jelani da tsani da ƙaramin kwali.
Ya ce, Baba, wagga ba ta aje gani ƙasan tebur,
intanet take bi.
Ko an fasa ta, abin da ta gani ya riga ya ƙetare.
Kana Mabera kana shan iska,
kana Goronyo wajen masu albasa kana bin bashi,
shago na cikin aljihunka.

Kuɗinta ya ci ribar wata uku.
Tana cin data kamar doki a kan dawa,
in sabis ya yi fushi sai ta tsaya cak
da ɗan ciniki baki buɗe a tsakiyar tayi.
Ta nemi batir, ta nemi sola,
ta nemi lambar sirri da na rubuta a bayan kalanda
don kaina ya gaji da riƙo.
Amma gani, wallahi, tar.
Ina ƙirga canji a hannun yaro daga gida,
ina karanta lambar babur a tsallaken titi,
har ƙudan da ya sauka a kan rasit na sani.

Daren Laraba, biyu da kwata,
waya ta yi gurnani a gefen matashi.
Na duba.
Ba a fasa kwaɗo ba, da makulli aka buɗe.
Ga tabon gira, na ranar da ya faɗo daga kekena.
Ga rigar da na ɗinka masa da ƙaramar salla.
Labbo, ɗan ƙanwata Hajo,
wanda na yi wa huɗuba da bakina,
yana ɗaga batir a hankali
kamar mai gudun tada jariri.

Na matsa da yatsa biyu, fuska ta cika waya.
Na nemi hazon nan na da, ko kaɗan,
inda zan ɓoye shi in ce mai kama ne.
Babu.
Tsohuwar da ta bar mini wurin rantsuwa
in ce ban gane ba, kuma ban yi ƙarya ba.
Wannan ba ta san kara ba.
Ta rubuta rana, ta rubuta minti,
ta ajiye a inda hannuna ba ya kai.

Da safe ya riga ni zuwa,
ya yayyafa ruwa, ya share ƙofa,
ya durƙusa, Kawu an tashi lafiya.
Na ce lafiya lau.
Waya a aljihu ta fi batirin nauyi.

Da hantsi Jelani ya leƙo karɓar cikon kuɗinsa,
ya ɗaga kai ya dubi aikinsa a rufi.
Baba, hoto na fita dai?
Labbo na bayana yana jera kwalaye.
Na ce, yana fita, Jelani.
Yana fita ƙwarai.