Rami Na Biyu

Da hantsi Fanne ta turo babur ɗinta,
ƙaramin nan mai bel a ciki,
akwatin allurar rigakafi ɗaure a baya.
Ta ce, "A kwalta lafiya lau.
Da na faɗa yashin hanyar Logon Birni
sai ya hau ihu kamar akuya ranar kasuwa,
taya kuwa ko motsi."

Na jingine shi a gindin darbejiya,
na kwance murfi.
Baƙin gari ya zubo mini a tafi,
bel ne yake cin kansa.
Ga kulocin baya, faranti biyu fuska da fuska,
sifirin da ke matse su ya saki jiki
kamar tsohon da ya gama faɗa da duniya.

Rami uku ne a gefen farantin.
Baba Alifa, Allah ya kai haske kabarinsa,
shekara tara ina miƙa masa sifana
bai taɓa ce mini ga na daidai ba.
Cewa yake, tambayi mai hawa:
ina za shi, me ya ɗauko,
shi kansa buhu nawa ne.

Ba ni da ma'auni.
Na aiki yaro bakin kogi wajen Barka mai kifi
ya aro mini sikelinsa mai ƙugiya,
ya zo yana ƙarnin tarwaɗa.
Na maƙala, na ja. Kilo huɗu.
Ai ko ɗan ragon ruwa ya fi haka.

Na kai bakin sifirin rami na uku.
Ya yi gardama, ya kuɓuce,
ya tsaga mini babban yatsa.
Fanne ta buɗe jaka ba ta ce uffan ba,
ta naɗe da auduga, ta duba agogo.
Kilo tara. Wannan zai keta yashi,
amma a kwalta zai yi ta kururuwa
ya shanye mata man kwana biyu kafin azahar,
ita da ke sayen mai a kwalba.

Na dawo na biyu.
Na murɗa a hankali har na ji ƙas,
ƙarar da yatsa ke riga kunne ji.
Shida da ɗoriya.
Na goge farantin da tsumma, kada maiƙo ya taɓa bel,
na mayar da murfi, noti takwas, ɗaya na aro.

Ta ce nawa. Na ce audugar ta biya.
Ta ce ƙanƙarar akwati ba ta jiran ciniki,
ta ajiye dala ɗari biyu kan benci, ta tayar.

Na tsaya da yatsa a sama ina saurare.
Muryar ta hau, ta sauka, ta zauna.
Na bi ta da kunne har bayan tasha,
inda manyan motocin Njamena suka haɗiye ta.
Yashin sai ta dawo zan ji labarinsa.

Yaron Barka na tsaye a bayana:
wai a ba shi sikeli,
duk Kusiri ta taru tana jiran kifi.