Aron Wata Huɗu

Shekara arba'in da ɗaya na yi durƙushe a titunan Lisbon
ina jera duwatsu, fari nan, baƙi can,
guduma tana ƙwas, ƙwas,
har zanen igiyar ruwa ya kwanta a ƙasa, jama'a su bi ta kai.
Masu takawa ba su san sunana ba.
Gwiwa ce ta riƙe lissafi,
ga ta yau a bakin ƙofa ta zo karɓar bashinta.

Gidana yana saman tudun Mouraria,
matakala tamanin da uku daga inda tarago ke sauke ni.
Da can ban san yawansu ba.
Ciwo ne ya koya mini ƙidaya.

Likita Filomena ta kara hoton ƙashi a jikin fitila.
Ta ce, "Abílio, guringuntsin ya cinye,
ƙashi ne ke gugar ƙashi."
Na ce ai wannan sana'ata ce:
dutse biyu in ba yashi a tsakani
sai ɗaya ya ci ɗan'uwansa.
Ta ce gwiwar ƙarfe tana nan tafe,
sai dai layin da tsawo,
kafin nan mu lallaɓa da allura.

Ta shafa magani mai sanyi, launin tsatsa.
Na kafe ido a kan wata tsaga a silin.
Ta zuƙe ruwa rawaya, cikin sirinji guda,
ta ɗura nata, mai yauƙi kamar farin ƙwai.
An ce da zankon zakara ake haɗa wani irinsa.
Gracinda, matata, ta ce to madalla,
ta huta da saita agogo, in riƙa yi mata cara da asuba.

Kwana biyu gwiwa ta yi fushi, ta kumbura suntum.
Ran na uku na sauka sayen burodi,
sai a gindin matakala na tuna
ban kama ƙarfen dafawa ba.
Na tsaya nan da burodi a hammata,
tsoho yana dariya shi kaɗai, tattabaru suna kallo.

Ta farko ta ba ni aron wata huɗu.
Na je kogi kamun kifi, na yi rawa a bikin jikata,
rawar da ba ta wuce girgiza kafaɗa ba, amma a tsaye.
Ta biyu mako goma.
Ta uku, ko kalandar Gracinda ba a juya sau biyu ba
ciwo ya dawo ya tarar da kujerarsa inda ya bar ta.
Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Jiya takarda ta iso: sha tara ga Maris.
Na buga waya da murna, na roƙi allura ɗaya ta rakiya.
Likita ta ce a'a.
Wata uku kafin wuƙa ba a huda wurin,
kada ƙwayar cuta ta riga ƙarfe shiga.
Ke nan hunturun bana ni da ita ne,
ba mai raba mu.

Yanzu ina zaune a taga, ƙafa a kan matashi,
ƙunshin wake mai ƙanƙara a bisa gwiwa.
A ƙasa wani yaro, Telmo, yana gyaran layinmu,
inda na jera da hannuna shekarar da aka haifi Gracindar ƙarama.
Hannunsa da kyau. Yana juya dutse sau biyu kafin ya dasa.
Amma gwiwarsa tsirara take a kan dutse.

Na cire matashin daga ƙarƙashin ƙafata,
na buɗe taga, na jefa masa.
Ya ɗago kai yana harara.
Na ce, "Sa a ƙasa, yaro, ka durƙusa a kai."
Ya karkaɗe shi, ya jingina shi da bango don kada ya yi datti,
ya ci gaba da ƙwas, ƙwas.