Ranar da Muka Buɗe Wake-wake

Na dawo Tawa da kaye cike da zane,
kaza a shafi, an tsaga ta da jan bik,
kibiya nan, kibiya can, kowace da sunan Faransanci.
Wata tara ina lakkwal ɗin elbaj,
ban taɓa jin ɗumin hanta a tafina ba.

Goggo Tsahara ta juya shafin kai ƙasa,
ta sansana shi.
"Wagga ba ta wari. Kamo mini Wake-wake."

Sati bakwai ba ƙwai,
tiyar hatsi kuwa kullum hawa take a kasuwar Lahadi.
Na riƙe ta a hammata yadda mushenmu ya nuna,
na buɗa fiffike, na duba ƙwarƙwata,
na shafa ƙashin ƙirji mai kaifin bakin kwalekwale,
na bi saɓar ƙafa har zuwa farce,
sannan na sa yatsu tsakanin ƙasusuwan gindi.
Ɗaya ya shiga. Na biyu ya ƙi.
Na ce, "Ta gama, Goggo. Littafi ya ce uku."

Ta ce, "Zankonta ya soma ja."
Na ce, "Rana ce."
Ta yi shiru irin na wanda ya sayar da akuya
don a biya wa yaro takarda.

Kawu Shipkau ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla.
Ruwan zafi, figa,
gashi baƙi da fari ya manne mana har gwiwar hannu.
Ashe rabin girman kaza riga ce.

Goggo ba ta da kibiya, tana da ɗan yatsa.
Ga jakar wuya, hatsin safe na ciki
ko fashewa bai yi ba.
Ga zuciya, ba ta kai dabino ba,
da ita ta kori shaho bara a kan 'yan tsaki tara.
Huhu ya lafe a haƙarƙari kamar mai bashi a bayan ƙofa,
sai da farce ake ɓamɓaro shi.
Hanta, da koren matsarmama a gefe.
"Nan ka bi sannu.
Ɗigo guda, tukunya duka ta yi hushi."

Ta tsaga ƙundu a kan bakin turmi.
Jan tsakuwar Garkawa,
ɓallin kwalba da ya yi sumul kamar an lashe shi,
rabin maɓalli na rigar wani.
Wadda ba a ba haƙori ba
ƙasa take roƙa ta ara mata.
Na yi dariya. Goggo ma ta kusa.

Sai hannunta ya nutsa can wajen baya,
ya daɗe bai fito ba.

Gwaiduwa.
Ɗaya kamar goruba ƙarama, jijiyoyi ja sun rufe ta,
ta biyu kamar kanya,
ta uku magarya,
sauran ƙanana, ƙanana, curi guda,
har waɗanda ido ba ya iya raba su da gero.
Ta jera manyan a faifai.
"Wanga na jibi.
Wanga na gata.
Wanga da ya iske sallar Juma'a."
Ba ta dube ni ba. Da ma ta duba.

Gashi kawai ta sake, ashe,
tana ɗinka sabuwar riga kafin ta koma aiki.
Yana cikin kayen, shafi na gaba,
ranar da na yi barci a aji.

Da dare miya ta yi maiƙo.
Yara suka yi faɗa kan ƙafa da wuya,
Kawu ya samu ƙundu, haƙƙin mai wuƙa.
Ni ta tsame mini gwaiduwar nan, duka,
ta turo kwanon da ƙafarta.
"Ci, likita. Kai ka ƙirga su."

Na ci. Suna da daɗi, abin haushin ke nan.
Har yau shafi na sha huɗu
yana da tambarin babban yatsana,
rawaya, haske na ratsa shi,
daidai inda kibiya ke cewa uku.